Jar Alama a Wayar Nomau

Ku gyara zama in ba ku labarin Nomau na Tungar Bawale. Amma don Allah ku rage dariya, domin ni na yi tawa a lokacin, har da riƙe ciki, yau kuwa kunyarta nake ji.

Gidansu Nomau shi ne na ƙarshe in ka nufi rafi, gidan ƙasa mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Su biyu ne a ciki, shi da mahaifiyarsa, Inna Marka. Nomau ya ba shekara talatin da biyar baya. Ƙato ne, buhun dawa a kafaɗa ɗaya yake ɗauka. Ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba a taɓa jin zagi a bakinsa ba. Matsalarsa ɗaya ce tak: yadda ka faɗi magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin kasuwa ka manta da shi, to gobe can za ka same shi. Ya yi makaranta zuwa aji huɗu, yana rubutu a hankali, harafi bayan harafi, da harshe a waje. Mutanen gari wawa suke ce masa, Inna kuwa Auta. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, tun daga nan shi ne ƙafarta, shi ne hannunta. Shi ke dafawa, shi ke wanki, shi ke ɗaga ta ya kwantar.

Yana da yaya guda, Lantana, 'yar farin Inna, malamar makaranta ce a Kaduna. Da farkon damina ta zo ganin gida, ta tarar da magungunan Inna kala biyu an zazzage su cikin gwangwani ɗaya, don malamin asibiti ya ce a ajiye su wuri ɗaya. Ta ɗora hannu a ka.

"Inna, wannan ba zai yiwu ba. Kaduna zan tafi da ke."

Inna ta juya fuska ga bango. "Auta, gaya wa ta Kaduna ba inda za ni. A ɗakin nan aka ajiye ni."

Nomau ya juya ga yayarsa da ke zaune gab da shi. "Yaya, Inna ta ce ba inda za ta."

"Na ji ai, ni ba kurma ba ce."

"To ni fa, Yaya? Da ni za a tafi?"

Lantana ta sunkuyar da kai. Ɗaki biyu gare su a Kaduna, ga miji, ga 'ya'ya biyar. Ta ce shi zai zauna ya tsare gida. Nomau ba ya gane habaici, amma wannan ya gane ta sarai: za a ɗauke masa Inna, a bar shi da rumbu. Ya zauna a ƙasa daɓas, ƙaton mutum, hawaye na bin gemunsa. Sai Lantana ta sassauto. Ta ce ta ba shi wata biyu, zuwa hutun makaranta. In ya iya kula da magani da abinci ba kuskure, Inna ta zauna. In ya kasa, mota za ta zo. Ta ba shi tsohuwar wayarta, ta kai shi wurin Salmanu mai caji, dattijon da ya yi shekaru yana gyaran waya a Legas kafin ya dawo ya buɗe rumfa mai sola a bakin masallaci. Ta ce ya nema masa manhajar da za ta riƙa riƙe masa ayyuka. Salmanu ya shafa gemu ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, ta tafi da kwanciyar hankali.

Manhajar farko ta rubutu ce, farin shafi kamar littafi. Salmanu ya ce, "Duk abin da aka ce ka yi, ka fara rubuta shi a nan kafin ka yi shi. Ka ji ko?" Nomau ya ce ya ji. Wata rana ya shanya surfen dawa a tsakar gida, Inna na kishingiɗe a tabarma, sai ga awakin maƙwabta guda uku sun turo kai. Inna ta ɗaga murya, "Auta, kori awaki!" Nomau ya ciro waya daga aljihu, ya nemi wuri ya zauna, ya goge fuskarta da gefen riga. Ya sami harafin farko. Na biyu ya ɓace masa, ya shiga bin layi da yatsa.

"Auta, suna ci!"

"Inna, tsaya, ina rubutawa."

Ta jefa takalmi da hannunta mai lafiya, bai kai ko rabin hanya ba. Kafin ya gama awakin sun cinye abin da za su iya, sun tattake sauran, sun fita da kansu ba wanda ya ce musu kanzil. Duk da haka ya bi su har gidan masu su, ya kore su daga turkensu, tunda an rubuta a kora. Ran nan koko kawai suka sha da rana, Inna tana sha tana girgiza kai.

Salmanu ya yi dariya har ya ƙware da goro, sannan ya ce rubutu bai dace da Nomau ba. Ya sauko masa da wata manhajar mai ɗaukar murya. "Wannan ba sai ka wahalar da yatsa ba. Danna nan, ka faɗa mata, ita za ta riƙe maka. Kai ka huta da tunani." Wata rana da sassafe Nomau ya danna, ya kai bakinsa kusa da wayar, ya yi mata sallama tukuna, sannan ya ce a ba Inna farar ƙwaya da hantsi, a ba ta ja da azahar, a juya ta kada bayanta ya yi ciwo. Ya yi mata godiya. Ya ajiye ta kan matashin Inna, ya ɗauki fartanya ya tafi gona, zuciyarsa wasai, don an ce ya huta da tunani kuma ya huta. Sai bayan la'asar ya dawo. Ya tarar da Inna kwance yadda ya bar ta, kanta na sara, leɓenta ya bushe, wayar kuma tana nan kusa da kunnenta shiru.

Ya ba ta magani, ya juya ta, ya ruga rumfar Salmanu.

"Malam Salmanu, ba ta ba Inna komai ba."

"Wa?"

"Wayar. Na faɗa mata, ka ce za ta riƙe."

Salmanu ya danna, sai ga muryar Nomau ta fito tar, har da sallamar da godiyar. "Ga shi ta riƙe! Ai sai ka tambaye ta, ta maimaita maka." Masu zaman rumfa suka kwashe da dariya, aka ce a sake sa musu su ji sallamar. Nomau bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon wayar, ya ce shi da ya san sai an tambaye ta, da bai bar tsohuwa a hannunta ba.

Daga nan aka shiga nema gadan-gadan. Wata manhajar duk Turanci ce, wata ta cika 'yan hotuna har ba a gane inda za a danna, wata kuma sai da sabis, alhali sabis a Tungar Bawale sai ka hau tudu ko ka yi sa'a. A ƙarshe Salmanu ya ce a koma ga mai ƙararrawa. Ya saita lokutan magani, ya ɗaga yatsa. "Da zarar ta yi ƙara, ka saki duk abin da ke hannunka, ka je ka ba Inna magani. Ko mene ne." Ka ji mutumin da ya haƙa wa kansa rami! Wata rana iska ta karkatar da solar da ke kan rumfarsa, ya nemi mai ƙarfi ya riƙe masa tsani, kuma duk garin wa ya kai Nomau ƙarfi? Salmanu yana can matakin ƙarshe, ƙafa ɗaya a tsani ɗaya a kwano, sai aljihun Nomau ya ɗauki kuka. Nomau ya saki tsani ya juya da gudu. Bai ma waiwayo ba da ya ji rugum a bayansa. Inna ta sha maganinta daidai kan lokaci ran nan, ba a makara ko minti ɗaya ba. Salmanu kuwa sati biyu ya yi yana ɗingishi, ƙafa a ɗaure da tsumma. Da Nomau ya je gaishe shi ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna wanda ya ce ko mene ne, ya haɗiye abinsa.

Wanda ya biyo baya ba abin dariya ba ne, ko da yake an samu marasa imanin da suka yi. Wata rana ƙararrawar safe ta tashi, Nomau ya ba Inna ƙwayarta, amma yatsansa ya zame ya danna ɗaya wurin, wanda ke sa waya ta yi shiru na ɗan lokaci ta sake tashi. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai irin wannan. Bayan minti goma ta sake kuka. Ya kawo ƙwaya da ruwa, Inna tana gyangyaɗi ta haɗiye ba ta lura ba. Ta uku ta ce, "Ba yanzu na sha ba?" Ya ce, "Ta yi ƙara, Inna." Ta sha, don ta san ba ya ƙarya. Ta huɗu ce ta damƙe bakinta ta kau da kai, shi kuma ya durƙusa yana roƙonta, yana cewa in ba ta sha ba za a tafi da ita Kaduna. Kafin azahar jikinta ya yi sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa ta, idanunta suka juye. Ya sungume ta a hannu ya yi asibitin sha-ka-tafi da gudu ba takalmi. Allah ya sa da sauran kwana. Malamin asibiti ya ɗaura mata ƙarin ruwa, da yamma ta buɗe ido.

Lantana ta kira tana kuka tana faɗa, muryarta har waje ake ji. Nomau ya riƙe waya a kunne yana cewa, "To, Yaya. To, Yaya." Da ta kashe ya taka wurin Salmanu, wanda ya ɗingiso har asibitin ya zauna a dakali.

"Malam Salmanu, ni ne na kusa kashe Inna, ko wayar ce?"

Salmanu ya ce, "Ni ne, Nomau. Ni ne ban gama yi maka bayani ba."

Bayan wannan Lantana ta ce ita za ta zaɓa da kanta. Akwai manhajar da malaman makarantarsu ke raba aiki da ita, jeri ne na ayyuka, kowane layi da ɗan akwati a gabansa, abin da aka taɓa a ƙauye tana gani a Kaduna. Ta rubuta komai dalla-dalla da Hausa. Farar ƙwaya guda ɗaya, sau ɗaya, bayan koko. Ja guda ɗaya da azahar. A juya Inna. A shafa mata mai a ƙafa. A fitar da ita ta sha hantsi. Ta kafa masa doka biyu: kada ya sa alama sai ya yi abin, kada kuma ya bar layi ba alama. Wallahi abin ya karɓe shi. Sati uku cur ba kuskure ko ɗaya. In ya sa alama sai ya kai wa Inna ta gani, ta ce Allah ya yi albarka. Har ya fara tambayar Salmanu ko motar ta fasa zuwa.

Wata rana hadari ya rufe sama, aka wuni ba a ga rana ba, layin hantsi ya kwana ba alama. Washegari da safe Lantana ta kira tana saurin shiga aji. Ya fara bayani ta katse shi. "Ban son jin dalili, Nomau. Ka san yadda za ka yi." Ya leƙa sama, babu rana. Ya hau katanga ya duba gabas, sai ya hango can bayan gonaki, kan tudun da ake kiwo, hadarin ya ɗan yage, haske ya zubo. Ya sauko ya ɗauki babban zane, ya goya Inna a baya, ya ɗaure tam.

"Auta, ina za ka kai ni?"

"Wurin hantsi, Inna. Yau bai zo gida ba."

Suka ratsa tsakiyar gari. Mata suka leƙo ta zaure, masu zaman rumfa suka miƙe tsaye. Wani ya ce, "Nomau, yaushe aka yi suna ba mu ji ba?" Aka yi ta shewa. Bai kula kowa ba. Suka wuce rijiya, suka wuce maƙabarta inda mahaifinsa yake, Inna ta ɗaga hannu ta yi addu'a ƙasa-ƙasa. Da suka iso gonarta ta ce ya tsaya. Gero ya kai ƙugu, kore shar, ga kukar da take hutawa a gindinta tun tana amarya. Shekara biyu rabonta da ganin wurin. Nomau ya ji bayansa yana jiƙewa, ya ɗauka yayyafi ne, ashe kuka take yi. Suka kai tudu, rana ta taɓa su na ɗan lokaci, ya juya mata baya ga hasken don ta sha sosai, ya ciro waya ya sa alama. Ta ce, "Auta, ka kawo ni inda ban zata zan sake gani ba." A hanyar dawowa ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, amma ina! Suka iso gida sharkaf, kafin magariba tari da zazzaɓi sun kama ta.

Labari ya isa Kaduna kafin Nomau ya kai shi da bakinsa. Wannan karon Lantana ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Shi ke nan, Nomau. Ka yi iya ƙoƙarinka. Asabar zan zo da mota, ka haɗa mata kayanta." Ta ce satin jarrabawa ne, ba za ta iya ɗaga waya ba. Ta nuna masa wata jar alama a gefen jerin. In wani abu ya taso wanda ba zai iya jiran gobe ba, ya rubuta, ya sa sunanta, ya danna jar, wayarta za ta yi ta kuka har sai ta duba. "Amma ka ji ni da kyau. Sai abin da ba zai jira gobe ba."

Ya haɗa kayan. Zannuwa shida, carbi, buta, ƙwaryar furarta. Ya ɗaure su ya ajiye bakin ƙofa, in zai wuce sai ya kau da kai. Tunda Inna ta ga ƙunshin ta rage cin abinci.

Wata rana, ranar Laraba ce, yana shafa mata mai a ƙafa da hantsi, ta kai hannu tana susar kai. Kitsonta ya tsufa, ya cukurkuɗe.

"Kaina ya dame ni, Auta."

"In kira Gwaggo Hansai ta yi miki?" Ita ce tsohuwar maƙwabciyarsu da ta saba yi mata.

"A'a. Ta Kaduna nake so ta yi mini."

Ku da kuka san kunyar ɗan fari kun san nauyin wannan magana. Tunda Inna ta haifi Lantana ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke, can ta girma. Inna ba ta taɓa kama kan Lantana ta kitsa ba, ita ma ba ta taɓa taɓa na Inna ba. In ta kira waya ta ce, "Inna, me kike so?" amsar kullum ɗaya ce, ba komai. Nomau shi ba ruwansa da wannan duka. Ya goge hannu ya ciro waya.

"Inna, zai iya jiran gobe?"

Ta daɗe tana kallon azara. "Ba zai jira ba."

"To wa zan ce? An ce in sa suna. Abin da kika faɗa shi zan rubuta."

"Kai dai ka cika fitina. Ba ka san ta ba ne?"

"Na san ta. Amma ba ki faɗa ba."

Tsohuwar ta rufe ido. Leɓenta ya motsa sau biyu ba sauti. Sannan a hankali, kamar mai tsoron kada bango ya ji, ta ce, "Lantana."

Ya rubuta, harshe a waje: Inna ta ce Lantana ta zo ta yi mata kitso. Ya danna jar alama. Ya kai wa Salmanu wayar don cajinta ya kusa ƙarewa, tana isa ta mutu, ga shi ba rana balle sola ta yi aiki. Da Salmanu ya ji abin da aka aika sai ya dafe kai ya ce yau kam Nomau ya gama yi wa kansa. Kafin azahar duk garin an san wawa ya tayar da ƙararrawar gaggawa saboda kitso. Ni ma a nan na yi dariyata, Allah ya yafe mini.

Gab da la'asar mai babur ya sauke Lantana a ƙofar gida, da allin makaranta a hannun rigarta. Ta bar ɗalibai a ɗakin jarrabawa, ta kira ta kira waya a kashe, ta yi tafiyar awa biyar. Ta faɗa ɗaki ta tarar da Inna a jingine da bango, idonta biyu. Ta fito ta ja Nomau bayan rumbu.

"Kitso? Don kitso ka danna mini ja? Ka san abin da na bari? Ka san irin tunanin da na yi a mota?"

"Na tambaye ta, Yaya. Ta ce ba zai jira gobe ba."

Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta ciro wayarta ta sake karanta layin, ta daɗe a kansa. Ta san ƙanenta, ba ya ƙara ko kalma. Muryarta ta sauka. "Haka ta faɗa? Da sunan?"

"Da bakinta."

Lantana ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce ya kawo mata mataji da man kaɗe.

Ya zauna a bakin ƙofa yana kallonsu. Ta ɗora kan Inna a cinyarta, ta tsefe tsohon kitson a hankali, tana warware inda ya cukurkuɗe da yatsa don kada ya yi zafi. Gashin ya zama fari fat, ya yi laushi. Ta shafa mai, ta tsaga, ta fara kitsawa. Ba wadda ta kalli idon wata. Can Inna ta ce, ba da kowa take ba, "Hannun nan irin na uwata ne." Hawayen Lantana suka riƙa ɗiga kan tsagar. Ta yi layi ɗaya, ta yi biyu, ta yi huɗu. Tarin ya lafa, Nomau ya ji daɗi ya ce a ransa barci ya zo. Da ta gama ɓari ɗaya ta ce, "Inna, ɗan juyo." Inna ba ta juyo ba. Lantana ta sake faɗa. Sai ta kai hannu ƙirjin Inna, ta saurara, ta ɗago kai ta kalli Nomau, ta fara salati.

Da bai yi wannan wautar ba, da sai dai Lantana ta zo ta tarar da kabari. Duk wanda ya yi dariya da rana ya san haka, shi ya sa da gari ya taru a ƙofar gidan ba mai iya haɗa ido da shi.

Aka ce a hanzarta a yi sutura kafin rana ta faɗi. Gwaggo Hansai ta shiga yin wanka, ta ce Lantana ta zo ta zuba mata ruwa. Nomau ya zauna a ƙasa kusa da ƙofar ɗakin, ba ya kuka, ya dai ƙura wa hannuwansa ido. Salmanu ya zo ya zauna gefensa, ya miƙa masa wayar, ya samo mata ɗan caji daga batirin babur. Nomau ya sa wa sauran layukan ranar alama, ya bar jan nan guda.

"Sa masa alama, Nomau. Ai ta zo."

"Ba a gama ba. Ɓari ɗaya aka yi."

"Ba komai, sa kawai."

"Yaya ta ce kada in sa sai an yi abin."

Salmanu ya juya kai yana share fuska da hula. A cikin ɗaki Gwaggo Hansai ta warware layukan nan huɗu ta wanke gashin, kamar yadda ake yi wa kowace mace, aka zo inda za a kitsa shi gida uku kafin a sa likkafani. Tsohuwar ta ja baya ta ce, "Ke kika fara, ke za ki ƙarasa." Nomau yana jin su ta bayan labule.

Da Lantana ta fito hannayen rigarta a jiƙe suke har gwiwar hannu. Ta durƙusa gabansa.

"An gama, Nomau. Har ɗaya ɓarin. Sa alamar."

Ya sa. Jerin duka ya ɓace, fuskar wayar ta zama fara, ba ko harafi ɗaya. Ya ja ta sama, ya ja ta ƙasa, yana neman abin da ya rage. A nan ne kukan ya zo masa.

"Yaya, babu saura. Me zan yi gobe?"

A waje maza sun kawo makara, liman yana tambaya ina ɗanta yake. Lantana ta riƙe hannunsa da nata mai sanyin ruwa.

"Bar gobe tukuna. Tashi, kai za ka ɗauke ta."

Ya miƙa mata wayar, ya tashi.